Ayarin Talakawa: Tarihin Tafiya Makka a Ƙasa daga Ƙasar Haɗeja

Gabatarwa

Masu tarihi sun yi rubutu mai yawa a kan hajin sarakuna. Kowane ɗalibi ya san labarin Mansa Musa na Mali, wanda ya ratsa Masar cikin 1324, da na Askiya Muhammadu, wanda ya tashi daga Gao cikin 1496. Waɗannan sun tafi da raƙuma da zinariya da dakaru, saboda haka isarsu ba abin mamaki ba ne. Nufin wannan takarda shi ne a duba labarin wani irin matafiyi dabam, watau talaka wanda ya kan tashi daga garuruwan ƙasar Haɗeja, irin su Kafin Hausa da Bulangu da Auyo, shi da 'yan abokansa, kayansa bisa kai, ya nufi gabas a ƙasa har ya ƙetare Bahar Maliya ya taka ƙasar Asiya. Tsakanin ƙasar nan da Makka ya fi mil 2,000 ko da a miƙe, balle ga mai bin rijiya da kasuwa. To, da me mutumin da bai mallaki ko kuɗin jaki biyu ba ya ke cinye wannan nisa? Abin da za mu nuna shi ne, abu biyu ne suka ɗauke shi, abokan tafiya da sana'ar hannu, kuma waɗannan abubuwa da suka kai waɗansu Makka su ne har wa yau suka zaunar da waɗansu a hanya, su da jikokinsu.

Hanyar Arewa da Hanyar Gabas

A zamanin da, hanyar da ta fi shahara ita ce ta arewa. A kan tashi daga Kano ko Katsina ko Barno, a bi ta Agadas ko ta Bilma, a faɗa Murzuƙ, daga nan a nufi Alƙahira a shiga babban ayarin Masar. Ita ce hanyar sarakunan Barno, waɗanda tun ƙarni na 13 suke da gidan saukar ɗalibansu a Alƙahira. Cikin malaman ƙasar Hausa da suka zauna a wannan birni akwai Muhammadu Alkashinawi, masanin hisabi, wanda ya rasu can cikin 1741. Amma hamada ba ta talaka ba ce. Sai da raƙumi, da salka, da kuɗin jagora, kuma babu gona ko kasuwa a tsakani inda mutum zai tsaya ya nemi na abinci.

Hanyar gabas kuwa ba ta buɗe sosai ba sai da Musulunci ya kafu cikin daulolin da ke jere tsakanin Tabkin Cadi da Kogin Nilu, watau Bagarmi da Wadai da Darfur da Sannar, abin da ya tabbata cikin ƙarni na 16 da na 17. Amfanin wannan hanya ga talaka a fili ya ke. Ƙasa ce irin tasa, ta gero da dawa da kuka da ƙaya, damina ɗaya rani ɗaya. Duk inda ruwa ya tsare shi yana iya aron fili ya yi shuka, in ya girbe ya ci gaba. Wani Bature matafiyi, Burckhardt, ya gamu da irin waɗannan mahajjata a Shandi da Sawakin cikin 1814, ya kuma ba da labarin yadda su ke tafe ƙungiya ƙungiya, suna neman abinci da rubutun allo da aikin hannu. Larabawa suna kiransu Takarir, daga sunan tsohuwar daular Takrur, daga nan kuwa muka sami kalmar Takari.

Kada mai karatu ya ɗauka hanyar mai sauƙi ce ko ga manya. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo bai sami zuwa ba, ko da ya ke malaminsa Jibrilu ɗan Umaru ya je. Ƙanensa Abdullahi ya ɗaura niyyar gabas wajen 1807, amma iyakarsa Kano, inda mutanen gari suka roƙe shi ya zauna ya karantar da su, daga baya ya koma.

Haɗa Ayari

Babban ayarin fatake, irin na masu zuwa Gwanja sayen goro, yana da madugu da jagaba da uban dawaki, kowa da aikinsa. Ayarin talakawa masu niyyar haji bai kai wannan tsari ba. Galibi mutane ne 'yan kaɗan, abokan makarantar allo ko maƙwabta ko 'yan'uwa, waɗansu da matansu da 'ya'yansu, sai in sun isa inda hanya ke da tsoro su raɓu da wani babban ayari. Duk da haka ba su kan tashi ba shugaba, gama shari'a ta yi umurni matafiya su naɗa ɗayansu. A kan so wanda ya taɓa zuwa, ko wanda ya iya ɗan Larabci. A kan so kuma a sami malami cikinsu, don limanci da wankan gawa da rubuta wasiƙa.

Lokacin tashi shi ne bayan kaka, sa'ad da rumbu ya cika, fadamu suka janye, sauro ya ragu. Kafin nan mutum ya biya bashinsa, ya yi wasiyya, ya zaga dangi a yafe wa juna, domin ban kwanan mai tafiya gabas kusan ɗaya ne da na mai barin duniya. Kayansa ba su da yawa: buzu da buta, gafaka da allo, gora da ƙwarya, sanda, 'yar tukunya, da guzurin gumba da ƙuliƙuli da kuka da daddawa. Wanda ya ke da hali ya ɗora wa jaki ko takarkari. Amma abin da ya fi kome daraja cikin kayan shi ne na sana'a. Wanzami ya rataya zabirarsa, baduku ya ɗauki basilla da fata, maɗinki allura da zare, malami tawada da alƙalami. Wanda ba shi da ko ɗaya yana da fartanya.

Larabawa su kan ce a nemi aboki tun ba a nemi hanya ba, kuma a nan ne maganar ta ke da nauyi. Tukunyar ayari ɗaya ce. In zazzaɓi ya kayar da mutum ɗaya, sauran su kan dakata, ko su bar shi hannun wani mai masauki da alkawarin zai tarad da su a zango na gaba. Da dare a yi tsaron jakuna bi da bi. In ajali ya zo, abokai ne ke binne mutum, su riƙe ɗan abin da ya bari da marayunsa amana, kuma bakinsu ne kaɗai zai kai labari gida, ko da bayan shekara goma. Mai tafiya shi kaɗai ba shi da ko ɗaya cikin waɗannan, ga shi kuma abin farautar masu kama bayi.

Zango Zango

Mutumin Kafin Hausa yana da hanya biyu zuwa Barno. Ko dai ya fita ta Haɗeja ya bi gaɓar kogi, wanda ke gamuwa da na Jama'are kusa da Gashuwa su zama Kogin Yobe, ya wuce Gaidam ya isa Kukawa. Ko kuwa ya yi kudu maso gabas ta ƙasar Katagum, ya bi Azare da Fataskum da Damaturu. Kukawa ce babbar mahaɗa har zuwa 1893, sa'ad da Rabe ya rushe ta ya koma Dikwa. Bayan Turawa sun kafa Yarwa cikin 1907, sai ita ta gaje wannan matsayi.

Daga Barno a kan bi Dikwa a isa Kusuri, inda aka kashe Rabe cikin 1900, a ƙetare kogi a kwalekwale zuwa garin da Faransawa suka kafa cikin wannan shekara suka kira Fort Lamy, wanda tun 1973 a ke kira Njamena. Sa'an nan a ratsa ƙasar Larabawa makiyaya ta wajen Tabkin Fitiri da Ati, a isa Abashe, birnin Wadai. Gaba da Abashe sai Adare, sai Jinaina, ƙofar Darfur, a gewaye Dutsen Marra a shiga Alfashir. Tsakanin Alfashir da Nuhud ne ƙishirwa ta fi tsanani. Yashi ne mai nisa, rijiyoyi kaɗan, har mutanen wurin su kan rarake cikin itatuwan kuka su tara ruwan damina a ciki, su sayar wa matafiya da rani, inda babu wannan kuwa sai a sha ruwan kankana. Wanda ya tsira daga nan ya isa Al'ubayyid, birnin Kurdufan, ya ci rabin wahalarsa.

A kusan kowane babban gari na wannan hanya akwai zango, watau unguwar baƙi 'yan yamma, da shugabanta da masallacinta. Asalin mazaunanta mahajjata ne da suka tsaya. Su ne ke saukar da sabon ayari, su nuna masa inda a ke samun aiki, su tsaya masa gaban hakimi, su gaya masa halin hanya ta gaba. Watau abotar da ta fara da mutum biyar a ƙofar gida ta zama sarƙa tun daga Barno har bakin teku, kowane ayari yana cin amfanin wanda ya riga shi.

Shekarun Hijira

Ƙarshen ƙarni na 19 ya dagula hanyar. Muhammadu Ahmadu ya yi da'awar Mahadi a Sudan cikin 1881, ya ci Hartum cikin 1885, ya kuwa sa jihadi gaba da haji, saboda haka mahajjata da yawa suka maƙale a ƙasarsa har Ingilishi suka karya daular a Umdurman cikin 1898. A lokacin kuma Rabe yana tsakiyar hanya.

Amma abin da ya fi kome cika hanyar gabas da mutane shi ne zuwan Turawa ƙasar Hausa. An ci Kano cikin Fabrairu 1903, Sakkwato cikin Maris. Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya fita da niyyar hijira, jama'a kuwa suka yi ta barin gonaki suna binsa, har da Sarkin Misau Ahmadu. Aka tare su a Burmi, inda Attahiru ya yi shahada ran 27 ga Yuli 1903. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da waɗanda suka tsira, bayan 'yan shekaru suka zauna a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sannar, garin da har yanzu a ke kira Mai Wurno. Alfa Hashimu, ɗan ɗan'uwan Alhaji Umaru Futi, wanda shi ma yana cikin tafiyar, ya kai Madina, ya zama madogarar mutanen yamma a can har rasuwarsa cikin 1931. Haɗeja ita ce ta ƙarshe cikin manyan biranen da suka yi yaƙi, gama ba a ci ta ba sai cikin Afrilu 1906, ranar da Sarki Muhammadu ya yi shahada tare da manyan fadawansa. Daga wannan lokaci niyyar haji da niyyar barin mulkin Nasara suka gauraya cikin zukatan mutane da yawa, har ba a iya rarrabe su.

Abin lura a nan shi ne, mulkin da a ke gudu shi ne kuma ya kwantar da hanyar. Faransawa suka kama Abashe cikin 1909, aka kashe Sarkin Darfur Ali Dinar cikin 1916, harin bayi ya ragu, jirgin ƙasa ya iso Al'ubayyid cikin 1912. Shekaru 40 da suka biyo baya su ne zamanin da tafiya a ƙasa ta fi yawa.

Aikin Hanya

Wanda ya isa Nilu galibi guzurinsa ya daɗe da ƙarewa, ga kuɗin jirgin ruwa da na muɗawwifi a gabansa. Cikin 1925 aka gama madatsar ruwa ta Sannar, aka buɗe manyan gonakin auduga na Jazira, tsakanin Farin Nilu da Shuɗin Nilu. Gonakin suna bukatar hannu ƙwarai, musamman lokacin tsinkar auduga, mahajjata kuwa suna bukatar kuɗi. Haka kuma gonakin dawa da riɗi na Gadarif, da na auduga a Kasala da Tokar. Cikin birane kuma maza suka kama ga-ruwa da dako da wanzanci da yankan farce da fawa, mata suka kama sayar da gyaɗa da ƙosai da waina. Har yau mutanen Sudan suna cin wani gasasshen nama mai yaji da su ke kira agashe, sunan da kowane Bahaushe zai gane asalinsa.

A nan ne ayari ya kan watse. Wannan ya tara kuɗinsa cikin shekara biyu ya wuce. Wancan ya ci bashin mai gona, sai ya sake damina. Wani matarsa ta haihu, wani ya aurar da 'ya, wani ya ga kuɗin da ya tara na mutum ɗaya ne alhali su shida ne, ya kuwa ƙi tafiya ya bar iyalinsa. Ga shi kuma watan haji yana matsowa da kamar kwana 11 kowace shekara, saboda haka wata shekara ya kan faɗo daidai lokacin da ba a iya barin gona. Kowane dalili mai kyau ne, kowace shekara kuwa a kan ce baɗi. Ƙidayar Sudan ta 1955 zuwa 1956 ta sami 'yan asalin Afirka ta Yamma fiye da rabin miliyan. Can a na kiransu duka Fallata, ko Bahaushe ne ko Babarbare ko Bafillace. C. Bawa Yamba, wanda ya zauna cikin ƙauyukansu na Jazira, ya nuna cikin littafinsa na 1995 cewa har jikoki da tattaɓa-kunne waɗanda aka haifa can suna kiran kansu mahajjata masu jiran wucewa.

Ƙetaren Bahar Maliya

Daga Sawakin zuwa Jidda kamar mil 200 ne a ruwa. Gwamnatin Sudan ta mai da Sawakin wurin tsare mahajjata don duban lafiya da allurar rigakafi, ta kuma sa sharaɗin fasfo da kuɗin komowa. Gwamnatin Nijeriya ma ta sa ido, domin tana tsoron aƙidar Mahadiyya da kuma labarin sayar da mutane a Hijaz. Cikin 1925 ta aiki wani jami'inta, G. J. Lethem, ya bi hanyar har Jidda ya kawo rahoto. Waɗanda ba su iya cika sharuɗɗan ba sai su saci hanya, su gangara kudu wajen Musawwa, wadda ke hannun Italiya a lokacin, su shiga ƙananan jiragen Larabawa masu filafilai da dare. Waɗansu a kan sauke su a gaɓar da babu ruwa, nesa da Jidda ta kudu, waɗansu kuwa, musamman yara, sun ƙare a hannun masu sayen bayi, gama ba a haramta bauta a Sa'udiyya ba sai cikin 1962.

Bayan Arfa, mai sauran ƙarfi ya kan taka zuwa Madina, tafiyar fiye da kwana 10. Waɗansu ba su tsaya nan ba, suka wuce Baitul Muƙaddas, ko Bagadaza don ziyarar Shehu Abdulƙadir. A Baitul Muƙaddas, dab da ɗaya daga ƙofofin Masallacin Aƙsa, akwai 'yar unguwar mutanen Afirka waɗanda kakanninsu suka fito daga Nijeriya da Cadi da Sudan da Sanagal, da Hausawa cikinsu. A Makka da Madina da Jidda kuwa sunayen Hausawi da Barnawi da Fallata sun zama sunayen gidaje. 'Yan wasa uku masu sunan Hausawi suna cikin ƙungiyar ƙwallon Sa'udiyya da ta je gasar duniya cikin 2018.

Mutuwar Hanyar

Masu hali ne suka fara barinta. Cikin 1921 Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya shiga jirgin ruwa a Ikko, ya biya ta Ingila, sa'an nan ya isa Jidda, watau ya taka Afirka da Turai da Asiya cikin 'yan watanni. Jirgin ƙasa ya kai Nguru cikin 1930, ya ratsa ƙasar Haɗeja ta Malam Madori. Cikin 1948 waɗansu attajiran Kano, Mahmudu Ɗantata da Haruna Ƙasim da Ibrahim Musa Gashash, suka kafa kamfanin ɗaukar alhazai a mota zuwa Sudan, tafiyar shekaru ta koma ta watanni. Jirgin sama ya biyo baya cikin shekarun 1950. Da ƙasashe suka sami mulkin kai sai iyakoki suka yi tsauri, yaƙin Cadi kuma ya tashi tun daga 1965. J. S. Birks, wanda ya bi sawun masu tafiya a ƙasa ya buga littafinsa cikin 1978, ya tarad da ragowarsu ne kawai. Gwamnatin Tarayya ta kafa hukumar alhazai cikin 1975, haji ya zama sha'anin kujera da biza. Alhajin Jigawa na wannan zamani ya kan tashi daga filin jirgin Dutse ya sauka Hijaz cikin 'yan sa'o'i.

Amma waɗanda hanyar ta ajiye suna nan, kuma zamansu bai gama daidaita ba. Cikin Yuli 2022 rikici ya tashi a Jihar Shuɗin Nilu tsakanin Hausawa da waɗansu kabilun wurin a kan ƙasa da sarautar gargajiya, kafin ƙarshen shekarar an kashe ɗaruruwan mutane. Tushen gardamar shi ne ko jikan mahajjaci, wanda aka haifi kakansa a wurin, ɗan ƙasa ne ko baƙo. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan cikin Afrilu 2023 kuma ya bi ta kan tsofaffin zangunan nan ɗaya bayan ɗaya, Jinaina da Alfashir da Madani da ƙasar Sannar.

Kammalawa

Abin da muka gani shi ne, talakan ƙasar nan ya kai Makka da abin da ya saba da shi a gida, watau gayya da amana da sana'a, ya shimfiɗa su bisa hanyar mil dubbai. Tsayawa a yi aiki ita ce dabarar da ta sa tafiyar ta yiwu, ita ce kuma ta haifi al'ummar Hausawa ta Cadi da Sudan da Hijaz. Saboda haka tarihin ƙasar Haɗeja bai cika ba in an tsaya a iyakarta.

Mafi yawan abin da aka rubuta a kan wannan al'amari daga takardun gwamnati da na baƙi ya fito, masu tafiyar kuwa nasu labarin a baka suka bar shi. Waɗanda suka taka hanyar da ƙafarsu cikin shekarun 1950 sun tsufa ƙwarai, amma 'ya'yansu suna nan, waɗansu ma a hanya aka haife su. Ya kamata malaman makarantun horon malamai su sa ɗalibansu, in sun je hutu, su nemi irin waɗannan gidaje a garuruwansu. A tambayi shekarar tashi da ta komowa, da sunayen zanguna bi da bi, da sana'ar da aka yi a kowane wuri, da mutum nawa suka tashi, nawa suka komo, sauran kuma ina suka tsaya. A nemi izinin ɗaukar hoton tsofaffin fasfo da wasiƙun ajami da ke cikin adakoki. In an tara wannan daga gunduma goma kaɗai, za a iya zana taswirar hanyar da sunayen da masu ita suka san ta da su.

Allah ya ji ƙan waɗanda suka isa da waɗanda suka kwanta a hanya. Amin.